Yadin wando mai roba da ke saurin bushewa: inda za ka nema a Kaduna da yadda ake gane shi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce aikin safiyo kake kuna yawan shiga daji, raɓa da ruwan sama na jiƙa maka jins ka wuni da shi a jiƙe yana goge maka cinya, kana son ka ɗinka wando mai ɗan roba wanda baya riƙe ruwa, amma duk shagon da ka shiga a Kasuwar Gumi ka ce yadi mai roba sai a miƙo maka laikira irin ta mata. To ni ɗinkin maza da yunifom ne sana'ata, bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Su masu shagon ba laifinsu bane, a kasuwa in ka ce mai roba abin da ake nufi kenan, laikira ko sukuba ko kirif mai ja, kayan dogayen riguna da siket. Abin da kake nema bashi da wani suna guda da za ka faɗa a ɗauko maka, hannunka da idonka ne za su nemo shi, shi ya sa zan fi daɗewa a kan yadda ake gwadawa.

Farko ka san saƙa iri biyu ce. Akwai irin ta singileti da jesin 'yan ƙwallo, wadda zare ɗaya ne ake ta sarƙa shi, ita dama can tana miƙewa ko ba roba a ciki. Akwai kuma irin ta shadda da kaki, zaren tsaye da na kwance suna haye juna. Kai ta biyun kake so, wadda aka saka wa roba kaɗan a cikin zaren. Ta farkon tana da daɗi a jiki amma ka shiga ciyawa da ita ka gani, ƙarangiya za ta cika ta tun daga idon sawu har gwiwa, ƙaya ɗaya ta kama ta sai ta zaro zare, sauro kuma yana cizo ta cikinta tunda tana lafewa a fata. Saƙar tsaye da kwance mai matsi ƙarangiya bata samun wurin kamawa sosai, ka kaɗe da hannu ta zube.

Sai zaren kansa. Auduga ita ce matsalar jins ɗinka, ko a busasshiyar rana tana riƙe da laima kamar kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, in ta jiƙe kuwa ruwan har cikin zaren yake shiga ya kumbura shi. Nailan yana riƙe wajen kashi 4, foliyesta ko rabin kashi ɗaya bata kaiwa, wajen 0.4 ne, ruwa a bayan zarenta kawai yake tsayawa iska na kaɗawa ya tafi. Saboda haka in saurin bushewa kaɗai ake magana foliyesta ce gaba, kuma ta fi jure rana, ta fi araha, ta fi samuwa a nan. Nailan kuma ya fi ta jure gogayya, hawa dutse da zama a ƙasa da kutsawa cikin ƙirare, ya fi laushi, kuma baya kama warin gumi kamar yadda foliyesta ke yi, wallahi wata foliyestar ka yi wuni ɗaya da ita a zafin Afrilu kai da kanka za ka ji. Ni a aikinka nailan zan zaɓa in na samu, in ban samu ba foliyesta mai kyau ta wadatar, kar ka ƙi ɗinki saboda wannan.

Ita kuwa robar, wani masanin haɗa sinadarai ne Joseph Shivers ya ƙirƙiro ta a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, Lycra sunan kasuwa ne, a jikin lebul za ka ga an rubuta spandex ko elastane duk abu ɗaya ne. Zaren yana iya miƙewa har kusan ninki biyar ya dawo, shi ya sa kaɗan ake sakawa. Abin da mutane basu lura ba shi ne abubuwa biyun da ka haɗa a tambayarka, miƙewa da saurin bushewa, basu cika jituwa ba. Duk yadda roba ta yi yawa a yadi haka yake ƙara nauyi da matsi, haka yake ƙara daɗewa bai bushe ba, kuma ita ce ke fara mutuwa kafin sauran zaren, zafi na cinta, bilic na cinta. Wandunan tafiyar daji na kamfani in ka duba lebul ɗinsu yawanci nailan kashi 90 zuwa 96 ne, roba 4 zuwa 10. Ka tsaya a nan. Wanda ya kai kashi 15 ko 20 wannan na wandon motsa jiki ne da kayan ninƙaya. Akwai ma wata foliyesta da ake murɗa zarenta ta yadda za ta ɗan miƙe ba tare da roba ko ɗaya ba, miƙewarta kaɗan ce amma ta fi kowanne saurin bushewa kuma bata saki da wuri, in ka ja yadi ka ji yana ɗan ba da kai alhali an ce maka foliyesta zalla ce to ita ce, kar ka raina ta.

Yanzu ina za ka samu. Kaduna dai garin masaƙu ne a da, KTL a Kakuri tun 1957, ga Arewa Textiles ga UNTL, amma ko lokacin da suke aiki auduga suka fi saƙawa, akoko da atamfa, balle yanzu da KTL ta rufe tun 2002. Irin wannan yadin duk shigo da shi ake, mafi yawa daga Chaina da Taiwan da Koriya, kuma ba don mu ake saƙa shi ba, don kamfanonin ɗinkin kayan wasanni ne. Abin da ke isowa hannunmu ragowa ne, wanda 'yan kasuwa ke kira sitok, wato guntayen bandir da suka rage wa kamfani bayan ya gama aikinsa aka haɗa aka sayar a dila. Don haka ka daina zuwa layin masu shadda da leshi, ka tambayi masu sitok da masu yadin wando na maza, inda ake sai da chinos da kaki da yadin yunifom. Shi sitok ba a oda, abin da dila ta zo da shi kenan, yau ka ga kala ɗaya yadi goma sha, gobe ka dawo babu kuma ba za a sake ganinsa ba. In ka dace da mai kyau ka sayi na wando biyu ko uku a take.

Amma kafin ka je can ga dabarar da nake ba kowa. Ka fara shiga Kasuwar Barci wajen masu gwanjo, ka tona cikin wandunan maza ka nemo irin na 'yan hawan dutse, za ka gane su da zik a aljihun cinya, wasu ma ƙafar ana ɓalle ta da zik daga gwiwa ya koma gajere, su Columbia da The North Face da Quechua da Craghoppers suna fitowa a dila. Ka juya ciki ka karanta ɗan farin ƙyallen da ke gefen ɗinki, in ka ga nylon ko polyamide da elastane kaɗan to shi ne. Ka saya ko da ba sayiz ɗinka bane, ko da zik ɗin ya mutu, ai ma ya fi araha. Wannan wandon shi ne samfurinka, shi za ka riƙe ka shiga wajen masu yadi ka ce irin wannan nake so, mai shago yana murza shi a yatsa zai san ko yana da shi, gani ya kori ji. Kuma shi telanka zai kwance ya ga yadda aka yanka. Wani lokacin ma in ka samu manya biyu kala ɗaya, irin na ƙattin Turawa, tela mai haƙuri zai fitar maka da wando ɗaya daidai jikinka a ciki, yadin kuma ya fi mafi yawan abin da za ka samu sabo.

In Kaduna ta gagara sai Kantin Kwari a Kano, can ne uwa, ko ka ba wa masu zuwa Aba saƙo, kasuwar Ariaria akwai masu sitok da yawa saboda masu ɗinkin jaka da kayan wasanni da ke garin, haka ma Legas. Ka yanko ɗan ƙyalle daga samfurin ka ba ɗan saƙon, hoto a waya baya nuna komai a harkar yadi. Ta intanet kuma AliExpress ana sai da shi mita-mita, ka rubuta nylon spandex 4 way stretch woven sannan ka duba nauyin da suka rubuta, ka fara da mita ɗaya kafin ka zuba kuɗi. Akwai shagunan da wannan ne kaɗai aikinsu irin su Extremtextil a Jamus da Rockywoods a Amurka, kayansu ba magana kuma suna rubuta komai dalla-dalla, sai dai kuɗin aikowa da canjin dala zai sa wandon ya fi ƙarfin aikin da za a yi da shi, sai in kana da mai dawowa.

To ga ka a gaban mai shago ya sauko maka da bandir. Ka tafi da tef da fiya wata ɗaya da laita a aljihu.

Ka auna inci 10 a faɗin yadin, ba a baki-baki ba, ɗan ciki, ka riƙe da yatsu ka ja ba da ƙarfin tsiya ba. In ya kai inci 11 da rabi zuwa 12 da rabi ya yi, abin da wando ke buƙata kenan. Ka riƙe shi a jaye ka ƙirga kamar talatin sannan ka saki ka sake aunawa, wannan shi ne gwajin gaske, dole ya koma 10 ɗinsa ko dab da ita. In ya tsaya a 10 da rabi ko wurin ya yi tattara to robar ta mutu, sitok ne da ya daɗe a sito yana shan zafi, in ka ɗinka sati biyu gwiwa da mazaunai za su zazzago su tsaya a haka. Ka ɗaga shi ga haske ma, in ka ga wasu 'yan fararen gashi-gashi suna leƙowa robar ce ta tsintsinke. Sannan ka ja ta tsawo. Wani ta faɗi kawai yake miƙewa, wani ta tsawo kawai, wani ta ko'ina, na ko'ina ya fi amma ba dole bane, kawai dai ka san ta ina yake ja don ka faɗa wa tela. Kar ka yarda a ja maka shi a karkace ta kusurwa a ce ka gani yana da roba, ko atamfa ka ja ta kusurwa za ta miƙe.

Sai ka kara shi a baki ka hura. Iska ta wuce ka ji ta a tafin hannunka, ko da kaɗan. In bata wuce ba ka duba bayansa za ka ga wani shafe mai sheƙi ko fari-fari, wannan na renkot ne da jaka da lema, ruwa baya shiga amma gumi ma baya fita, ka sa shi a Maris kamar ka shiga cikin leda ne. Mutane da yawa nan suke faɗawa, suna jin an ce baya shan ruwa sai su ɗauka shi ne mai saurin bushewa. Kai so kake ya jiƙe ya bushe kana tafe, ruwan Agusta na Kaduna dai babu wandon da zai tare maka shi.

Sai ruwa. Ka roƙi ɗan ƙyalle daga bakin bandir, ka ɗiga masa. Ko dai ruwan ya dunƙule ya gangare, wato an yi masa feshin kore ruwa, yana taimakawa da raɓar safe amma wanki yana cire shi a hankali don haka kar ka biya ƙarin kuɗi mai yawa saboda shi, ko kuma ya bazu da sauri ya yi faɗi, wannan ma alama ce mai kyau don ruwan da ya bazu shi ke saurin tashi. Wanda ba a so shi ne ya shanye a wuri ɗaya ya yi duhu ya yi nauyi. Ka jiƙa ƙyallen gaba ɗaya ka matse ka ɗora a kafaɗa ka ci gaba da zagayenka, kafin ka gama layi biyu mai kyau ya sha iska, mai auduga a ciki yana nan da sanyinsa.

Laita kuma ita ke raba gardama in an ce maka ba auduga a ciki. Ka fita waje, ba cikin shagon mutane ba, ka kusanta wuta ga bakin ƙyallen. Auduga tana ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi. Foliyesta tana tsukewa ta narke da baƙin hayaƙi ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. Nailan ma narkewa yake amma hayaƙinsa fari-fari ne ƙullutun kuma ruwan toka ko ruwan ƙasa. In ka ga ya narke kuma ka murza ka samu toka to gauraye ne, irin yadin yunifom na kashi 65 foliyesta 35 auduga, ba laifi ne da shi ba yana da ƙarko, amma baya bushewa kamar wanda kake nema.

Nauyi ma ka kula, don gaskiya kaurin yadi ya fi komai yanke hukuncin bushewa, siririyar auduga sai ta riga foliyesta mai kauri. A intanet suna rubuta gsm, wato giram nawa ne a murabba'in mita, kai ka nemi 140 zuwa 200. A kasuwa ba mai faɗa maka wannan amma lissafin mai sauƙi ne, yadi ɗaya mai faɗin inci 60 ya kusa murabba'in mita 1.4, kenan a sikeli ya kama giram 200 zuwa 280. Jins na yau da kullum yadi ɗayansa ya haura rabin kilo, ka ga bambancin. Ƙasa da 140 ɗin kuma ya yi shara-shara, in ya jiƙe zai manne ya nuna jiki, ga shi da shi za ka yi sallah a daji. In ka ga mai ɗan zanen gida-gida na zare mai kauri a jiki, ripstop kenan, in ƙaya ta huda yagewar tana tsayawa a layin, ka ɗauka.

Kala ka nemi kaki ko ruwan toka ko ruwan ƙasa. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jan zafi kuma ƙudan tsando na bin su in aikinku ya kai bakin rafi. Sitok kuma yakan zo da mai zanen kakin soja, yadin yana da kyau ƙwarai kuma za a sakar maka shi da araha, don Allah kar ka taɓa, doka ta hana farar hula sawa, kuma a garin da ke da rundunar soja ta 1 Division da makarantar hafsoshi ta NDA ga barikin Jaji a kan hanya ba sai na yi maka bayani ba.

Yadi ɗaya da rabi mai faɗin 60 yana yi wa matsakaicin mutum, in kana son aljihun cinya ko kai dogo ne ka sayi biyu.

Saura ɗinki, kuma rabin sakewar da kake nema a nan take, ba a roba ba. Wandonmu na gargajiya ba roba ko ɗaya amma mutum ya hau doki da shi ya durƙusa ya yi noma, saboda hantsa. Ka ce wa tela ya saka maka hantsa, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakanin ƙafafu, ɗinkuna huɗun nan su daina haɗuwa a wuri ɗaya, nan ne wando ke fara fashewa in ka tsallaka kwata ko ka tsuguna kafa fegi. A gwiwa ya kama 'yan dat, wato ƙananan tattara, biyu-biyu ta kowane gefe yadda ƙafar za ta zo da ɗan lanƙwasa tun daga keke, bayan ƙugu ya ɗaga shi sama da gaba da kamar inci ɗaya da rabi. Da waɗannan ko yadin da ke ja ta faɗi kawai ya ishe ka. Kar ya matse shi wai don yana da roba, a bar iska tana zagayawa, ƙafar kuma ta naɗu zuwa ƙwauri saboda alwala.

A wanke yadin a shanya kafin a yanka, a shimfiɗa shi ya huta a tebur kar a yanka yana jaye, in ba haka ba ƙafa ɗaya sai ta fi ɗaya. Zare foliyesta, kar a sa na auduga, shi zai riƙe ruwa ya ruɓe ya bar yadin. Allura sabuwa siririya lamba 11 ko 12, in keke na tsallake ɗinki a canza zuwa ta kayan roba mai ɗan dakusasshen baki. Yawancin telolinmu kekensu Butterfly ce ko indostiriyal mai miƙaƙƙen ɗinki, shi kuma baya miƙewa, yadin zai ja zaren ya tsinke ɗas-ɗas. Maganinsa a sassauta tenshan kaɗan, a riƙa ɗan jan yadin gaba da baya daidai-daidai lokacin da ake bin ɗinkin mazaunai da hantsa, a bi shi sau biyu, sannan a kai wibin, wato ɗinkin rufe bakin yadi, don nailan yana zarewa da sauri. Bakin aljihu da ƙarshen zik a maimaita ɗinki a wurin sosai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a samu yadi mai kyau sai tela ya yi masa cikin aljihu da guntun atamfa ko fafilin, ya cika ƙugu da gam mai kauri ninki uku. Wandon zai bushe tas amma ƙugu da aljihu suna jiƙe har la'asar. Cikin aljihu a yi shi da raga irin ta cikin gajeren wandon ƙwallo ko da yadin kansa, ruwa ya samu hanyar zuba. Ƙugu kuma ko dai a yi ƙubaka da zariya ta igiyar nailan da roba a baya, ko a yi siriri da maɗaukan bel ba tare da gam mai nauyi ba.

Sai ka kiyaye shi da wuta, narkewa yake ya manne a fata, salansar mashin tana taɓa shi ta huda, haka tartsatsin itace in kuna dafa shayi a sansani. Da hunturu kuma foliyesta tana manne wa ƙafa tana tas-tas, ka shafa mai a ƙwauri yana raguwa. Wanki da ruwan sanyi da omo kaɗan, ba Hypo ba ruwan zafi, a shanya a inuwa tunda dama ba daɗewa zai yi ba. In kana kai wa mai wanki da guga ka ja masa kunne kar ya sa sitati kuma kar dutsen gawayi ya hau kansa, in ma dole sai an goge to na lantarki a ƙaramar lamba a ɗora wani ƙyalle a sama.